Wa Ya Koya wa Mati Dangwalen Silifa?

Zuwa ga Aina'u, ruwan randata a tsakar bazara, inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu, ke da muryarki ta fi min saukar ruwan farko daɗi. Sallama daga zuciyar da kwana uku ke nan ba ta zauna ba.

Kin tuna ranar da kika same ni a gindin tsamiya ina haɗa 'yar motar langa-langa, injinta bai kai tafin hannunki ba? Na bugo haruffan jikinsa da ƙusa ta baya har suka taso. Ranar na nuna miki sirrin da ko abokan sana'ata ban gaya wa ba: a shafe injin da baƙin fenti, ya kwana biyu ya bushe, a baje fentin azurfa a kan fasasshen gilashi, a dangwala guntun tsohon silifa, a taɓa kan haruffan sau ɗaya tak. Kika karɓa da hagunki kina min dariya, hannun ya goce a harafin ƙarshe, ya bar 'yar jela. Na ce ki bar ta, ta fi min duk abin da na taɓa ƙerawa.

To, ranar kasuwar Zakirai na bi ta rumfar Mati, abokin hamayyata a wannan sana'a, mutumin da burushinsa bai taɓa barin harafi ba sai ya yi masa dame-dame. Na ɗaga bonet ɗin wata motarsa. Wayyo Aina'u! Haruffa tas suna ƙyalli, ga jela a na ƙarshe, ta karkata hagu. Na tambaye shi wa ya shafa, sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kishi nake, ba zan ɓoye miki ba. Na nema miki uzuri har na gaji. Na ce ko ƙanwarsa Fauziyya kika koya wa, amma na ga Fauziyya tana tsinkar zogale, da dama take yi. Masu hagu nawa ne a ƙauyen nan? Yaushe kika zauna kusa da shi har fenti ya bushe? Shi ma kin yi masa dariyar nan?

Ga wani ɗan inji nan naɗe cikin wasiƙar. Baƙinsa ya bushe, sunanki ne a jiki, ban shafa ba. In har ni ne, ki dangwala masa azurfa da jelarsa, ki aiko min kafin kasuwa ta zagayo, in ba ki haƙuri a gaban kowa. In kuwa Mati ne, ki maido shi baƙinsa, zan gane.

Amma ki sani, langa-langar da ƙusa ta buga wa suna ba ta komawa sumul. Jiya na gwada da guduma, haruffan suna nan.

Naki, ko da azurfa ko babu,
Sama'ilu