Kajin da Suka Mutu Muna Jiran Izini

Zuwa ga Manajan gonar kajin da nake wa aiki a Garatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, Yallaɓai, ni ne Isiyaku, mai kula da kaji masu ƙwai tun kafin a kawo ka gonar nan. Na sakaya sunanka da na gonar, domin ba tozarta ka nake nufi ba. Na rubuto a fili ne saboda duk ranar da na shigo ofishinka da wannan magana, kafin na rufe baki ka riga ka ba ni amsa.

Ba ka da lalaci, ba ka da ha'inci, wannan kowa ya shaida. Kai ke fara zuwa, kai ke tashi a ƙarshe. Amma ga abin da ƙwazon naka ya jawo mana.

Na farko, makullai. Da zuwanka ka karɓi na sito, da na ɗakin magani, da na ɗakin janareta, ka haɗa su ka zuba a aljihu. Ba a taɓa kama kowa da sata ba. Ka ce tsari ne kawai. Tun daga nan, ko buhun abinci za a farke sai an nemo ka, kaji na kuka muna tsaye.

Na biyu, waya. Ina cikin keke daga Limawa kiranka yake samuna, kana tambayar abin da ban isa na gani ba tukuna. In na wanke mazubin ruwa sai na turo hoto, in na turo ka ce na sake ɗauka ta wani gefen.

Na uku, abin da ya faru da Madam Rahila, 'yar kudancin Kaduna da ke zaune a Sabon Gari, wadda ke renon 'yan tsaki. Wata rana ta ga suna haki, sai ta ɗage labulen buhun da ke gefen ɗakinsu don iska ta shiga. Suka samu sauƙi. Da ka zo ka tara mu, ka ce ɗage labulen daidai ne, rashin tambaya ne laifi. Ka sa ta sauke shi a gabanmu, sannan ka ba ta umarni ta sake ɗagewa. Matar da ta aurar da 'ya'ya, ta hau benci ta sauke, ta ɗage. Kowa a wurin ya ɗauki darasi, kuma ba wanda ka yi nufi ba ne.

Sai Asabar ɗin nan ta bazarar da ta wuce, da ka tafi Abuja ganin mai gona. Kafin azahar aka ɗauke wuta. Fankoki suka tsaya, tanki ya ƙafe, injin jan ruwa kuwa ba ya tashi sai da wuta. Ka san zafin Minna a wannan lokaci. Muka kira ka, wayarka a kashe. Muka riƙa jido ruwa daga rijiyar maƙwabta da bokiti, don shi ne kaɗai abin da ba ya bukatar makulli, amma ina bokiti zai kai? Kaji suka buɗe baki, suka saki fukafukai, suka fara kifewa.

Janareta na nan cike da mai, tsakaninmu da shi wani tsohon kwaɗo mai tsatsa. Madam Rahila ta ɗauko guduma ta tsaya a bakin ƙofar, muna bayanta. Ta ɗaga. Ta daɗe a haka, sannan ta sauke hannu ta ce, "Baba Isiyaku, mu ƙara kiran Oga." Muka ƙara kira. Kafin la'asar ɗakin da hayaniyarsa ke hana mu jin juna ya yi tsit. Da hannunmu muka haƙa rami a bayan gona.

Washegari ka leƙa ramin, ka juyo ka ce, "Manya da ku, me ya hana ku fasa kwaɗon?" Ga amsar yau, Yallaɓai: ba mu manta da labule ba.

Ƙarshen watan Madam Rahila ta ajiye aiki. Ba korarta ka yi ba. Ta ce mini tsoro take ji, don ko a gidanta ta fara tsayawa jiran wanda zai ce ta yi. Kwanan baya na haɗu da ita a kasuwa, gaisuwar farko ta tambaye ni 'yan tsakinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin da ka kawo bayan asarar: ka sayi waya ta biyu don kada a sake rasa ka. Makullan suna nan inda suke. Kai ma duk ka rame, a tsaye kake cin abinci, ido na kan ƙofa.

Roƙona kaɗan ne. Ka ba kowane mai kula da ɗaki makullin abin da ake bukata in ta ɓaci. Ka faɗa mana abin da kake so a cim ma, ka bar mana yadda za a yi. In mutum ya yi kuskure, ka kira shi gefe. Sannan ka taka zuwa Sabon Gari da ƙafarka ka ga Madam Rahila; ko ba za ta dawo ba, ta cancanci ta ji daga bakinka cewa ranar da ta ɗage labule ba ta yi laifi ba.

Allah Ya ba ka lafiya da kwanciyar rai, Ya sanya maka yarda da waɗanda ke ƙarƙashinka, Ya mayar wa mai gona da alheri. In wannan takarda ta zama sanadin rabuwata da aikin, na yafe tun yanzu.

Wassalam.

Naka,
Isiyaku, Limawa, Minna