Kaka da Igiyar Kufai

Zuwa ga Gwaggona Tuperna,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Mogens. Allah ya ƙara miki ƙarfin aikin asibiti a can Aalborg. Mu nan lafiya lau, sai dai sauro ya yi yawa bana. Baba yana samun kifi daidai gwargwado, ciwon bayan Mama kuma ya yi sauƙi.

Gwaggo, a kan mahaifiyarki na rubuto, wato Kaka Justine, domin ta kusa sa ni kuka a gaban baƙi. Da aka ba mu hutu, Malam Enok mai kula da kufan tsohon ƙauyenmu na bayan tudu ya ɗauke ni aiki, wai don na ci Turanci a jarrabawa. Ya manta ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Aikina shi ne in tsaya a ƙarshen hanyar katako duk ranar da jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya zo, in roƙi mutane kada su tsallake igiyar da aka kewaye kufan da ita. Ƙasar wurin da take a daskare tun zamanin kakanni yanzu tana narkewa, kuma abin da ke cikinta, su ƙashi da itace da fata, taku kaɗan ke lalata shi. Baƙin suna jin magana, ba ni da ƙorafi a kansu. Wadda ba ta ji ita ce Kaka.

Da ta hango jirgi sai ta ɗauko sandarta da ɗan tulunta na kofi mai riƙe zafi, ta hau tudu, ta ɗaga ƙafa ta tsallake igiyar a gabana, ta je ta zauna a kan bangon gidan da aka haife ta. Baƙi kuwa da sun ga tsohuwa a ciki sai su bi ta da jajayen rigunansu. Ita ma yafito su take yi, tana nuna musu inda fitilar kitse take da inda suke kwana, da yarenmu, su kuma suna gyaɗa kai kamar suna ji. Na roƙe ta a gida cikin ladabi, ta ce igiya ta karnukan Baba ce, ita ba a taɓa ɗaure ta ba. Na yi mata bayanin kayan tarihi kamar yadda aka koya mana, ta ce to in rataya mata allo a wuya in rubuta shekararta, tunda ita ma ta zama kayan tarihi. Na kai ƙara wurin Baba, nan take ya tuna injin kwalekwalensa yana son gyara.

A makon jiya wani dogon baƙo ya taka bakin ƙofar gidan, dutse ya zame, gefen bango ya zube, har wani matajin ƙashi ya fito fili. Ran Malam Enok ya ɓaci. Ya ce idan aka sake, dole ya sanar da hukuma, su kuma za su rufe wurin gaba ɗaya, babu baƙi, babu 'yan gari, babu Kaka. Na ce to ya gaya mata da kansa mana. Ya sosa ƙeya ya ce ba zai iya ba, matar da ta goye shi yana jariri. Kin ga ke nan manya biyu sun gudu, sun bar ni da ita.

Ranar Asabar jirgi ya sake zuwa. Kaka ta tsallake, ta zauna, ta fara buɗe tulu. Na ga wata baƙuwa ta ɗaga ƙafa za ta tsallake igiya, mutane da yawa a bayanta. Duk Turancina ya gudu. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne labarin da Kaka take yawan ba mu, yadda mahaifiyarta take korar yara daga kan bangon nan da tsintsiyar fiffike, don kada su buɗe wa sanyi hanya. Kin san sunan mahaifiyar tata aka sa mini, kuma tun ina cikin zani Kaka ba ta kirana da komai sai Inna. Ban taɓa ɗaukar abin da nauyi ba. Sai kawai na ji muryata ta fita da ƙarfi, da yarenmu:

"Justine, sauko mini daga kan bangon nan. Yaushe na fara barin yara suna hawa mini gida?"

Gwaggo, da ƙasa za ta tsage da na shige. Kaka ta dube ni ta daɗe. Sannan ta rufe tulun, ta dafa sanda ta miƙe, ta taho a hankali tana zaɓen inda za ta sa ƙafa. Da ta iso igiya ta ce, "To, Inna." Matar nan ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta mayar da ƙafarta.

Kada ki ɗauka na huta. Yanzu Kaka ta naɗa kanta mai gadi. Tana zaune a kan katako kusa da ni, duk wanda ya matso kusa da igiya sai ta ƙwanƙwasa masa sanda a takalmi, ni kuma in bi ina ba da haƙuri. Ta gaya wa duk wanda ke shago cewa Innarta ta dawo da faɗanta, har 'yan ajinmu sun fara rusuna mini a hanya suna dariya. Malam Enok kuwa sai murmushi yake kamar shi ya shirya abin.

Roƙona ɗaya ne. Katakon nan kullum a jiƙe yake, kuma ta ƙi shimfiɗa komai. Don Allah ki aiko mata da kujerar nan mai naɗewa, mara nauyi, domin babu irinta a shagonmu. Ki ce daga gare ki take, in ba haka ba za ta ce na mai da ita tsohuwa.

Jiya bayan jirgi ya tafi ta zuba kofi a murfin tulu, ta miƙo mini kafin ta sha, ta ce mai gida ake fara ba wa. Tana kallon bangon, ba ni take kallo ba. Kin san ba na shan kofi, ɗacinsa har cikin kunne nake ji. Na shanye shi duka.

Ki gaishe mini da Mogens da yara, su Ivalu da Minik. Mama da Baba suna gaishe ku. Kaka ta ce in gaya miki ba kya kira. Allah ya sada mu da alheri.

Taki 'yar ɗan'uwanki,
Bolethe