Zuwa ga Hajiya Rakiya, kan tafiyar Osaka da ba mu yi ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki, ina sanar da ke cewa lissafina ya fita daidai. Bana azumi ya ƙare kafin itatuwan sakura su yi fure a Osaka. Na sake dubawa har sau biyu a kalandar kicin ɗinmu na Vénissieux, nan ƙasar Faransa, ban sami kuskure ba. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarki.

Kin tuna yadda ɗiyarmu Mariama ta riƙa kwatanta mana bikin kallon furen, tun da aikin bincike ya kai ta Japan. Ta ce furen ba ya wuce 'yan kwanaki a kan itace, mutanen birnin kuwa sukan fito da rana, su shimfiɗa leda a gindin itatuwa, su ci abinci da iyalansu. Ke ba furen ne ya dame ki ba. Jikarki Hadiza kike so ki goya, wadda ba ki taɓa gani ba sai a fuskar waya.

Ni na ce tafiya mai nisa irin wannan sau ɗaya ake yin ta, saboda haka a yi ta daidai, a lokacin furen. Sai azumi ya faɗo cikin lokacin, shekara uku a jere. Na ce ba zan zauna da ƙishirwa ina kallon mutane suna ci ba. Kika tuna mini cewa matafiyi yana da sassauci, na ce ban taɓa ramuwa ba a rayuwata, ba zan fara da tsufa ba. Kika ce to mu je da sanyi, ko da zafi. Na ɗauko fensir na nuna miki yadda azumi ke ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kamar ina gaban allo ina koyar da yara a lakwal.

A shekara ta biyu na kai ki Paris a jirgin ƙasa, zuwa wani lambu mai irin waɗannan itatuwan, ina ganin na yi dabara. Kika tsaya da mayafinki mai ruwan toka, kika duba sama, kika ce, "Suna da kyau, Malam. Amma a gindin wanne Hadiza take?"

Akwai abin da ya fi wannan muni, Hajiya, kuma kin san shi. Duk shekara, idan Mariama ta kira, nakan ce mata Innarta ce ke tsoron doguwar tafiya a jirgi. Kina zaune kusa da ni kina tsince shinkafa, kina ji, ba ki taɓa ƙaryata ni ba. Shekara arba'in da huɗu kina rufa mini asiri, ni kuwa na ɗauka haƙƙina ne.

Ranar Lahadi ta kira. Ta ce in zo bana, Hadiza za ta shiga makaranta a watan Afrilu, lokacin furen, kuma ana so iyaye da kakanni su halarta. Ta gyara mini ɗaki. Sannan ta ce har yau ta kasa gane yadda tsoron jirgi ya fi ƙarfin son ganin jika a zuciyar Inna. Na ji ɗacin da ke cikin muryarta. Fushi take yi da ke, Rakiya, kina kabari, a kan laifina.

Ban iya faɗa mata a waya ba. Na rubuta shafi uku da hannuna, na zayyana komai, shekara bayan shekara, ban nemi uzuri ba. Yau da safe na kai gidan waya. Ita kaɗai ta rage mini a duniya, kuma halina ta ɗauko, ba naki ba. Ba ta da saurin yafiya. Mai yiwuwa ta karanta ta rufe ɗakin nan da ta gyara. Idan ta yi haka, ba ta zalunce ni ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan haƙurin da kika yi da ni. Ya wanke ki a zuciyar ɗiyarki, ko da ni ne zan fita daga cikinta.

Mijinki, wanda bai cancanci shirunki ba,
Abdu