Motarka Tana Nan a Tsakar Gida

Zuwa ga maigidana, Malam Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina sanar da kai cewa yau kwanana saba'in da uku cikin takaba. Ban taka ƙofar gida ba tun ranar da aka fita da kai. Abin da nake gani na Tudun Wada bai wuce kan mangwaron maƙwabta ba.

Littafin nan yana hannuna, wanda ka ƙwace ranar da na bar miya ta ƙone ina karatu. Ka ce, "Mutanen littafinki kullum suna bakin teku, ke kuwa ko Kaduna sai da dalili." Sai ka juya bangon baya ka zana mana hanya da jan biro. Zariya zuwa Jos, Jos zuwa Jalingo. Daga nan Serti, sai hawan Mambila inda ka yi bautar ƙasa, inda ka ce mota tana nishi kamar tsohuwa, gajimare kuma yana shigowa ta taga. Mu kwana biyu a Gembu mu ga gonakin shayi, mu gangaro ta Obudu zuwa Kalaba, mu ƙarasa har inda ƙasa ta ƙare. A wurin ka zana kifi, amma ya fi kama da takalmi.

Ni na yi ta ƙari a gefe: rigar sanyi biyu, dambun nama, fulas, garin kunu. Kai abu ɗaya ka rubuta, safayar taya. Ka ce mu bari damina ta wuce, hanyar dutse ba ta son ruwa. Damina ba ta ƙare ba zazzaɓi ya ɗauke ka cikin kwana huɗu.

Motarka tana nan a tsakar gida. Lokacin da kake koya mini tuƙi a wani fili a Gyallesu, ka sha cewa mota in aka bar ta a ajiye, batir ne ke fara mutuwa. Don haka kowace safiya nakan tayar da ita. Sai in zauna minti goma, hannuna a sitiyari, ƙofar ƙarfe a kulle a gabana. Na hau Mambila a giya ta biyu ya fi sau hamsin, Malam, taya ba ta juya ba.

Ranar farko Hajiya, mahaifiyarka, ta fito da sauri ko ɗankwali babu. Ta ɗauka kai ne. Na kashe injin, muka daɗe ba mu iya kallon juna ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yayanka Kabiru yana so a sayar da motar kafin rabon gado. Shekaranjiya ya kawo dillali daga Kwangila. Ina bayan labule ina kallo mutumin yana harbin taya da ƙafa, yana zama a kujerarka, yana ja da ita baya. Babu damar in fito in tsaya gaban baƙon namiji in yi magana. Na ji Yaya Kabiru yana cewa mace mai takaba me za ta yi da mota. Na roƙi Hajiya ta gaya masa a sa motar cikin rabona, ko da ita kaɗai zan samu. Sai kawai ta ci gaba da jan carbinta.

Yau da safe ina zaune a cikin motar, sai Hajiya ta buɗe ɗaya ƙofar ta zauna a wurina, wurin mai riƙe fulas. Ta karɓi littafin ta daɗe tana duban kifinka. Ta ce wai da gaske ne ruwan ba shi da ƙarshe. Na ce haka ka gaya mini. Da na kashe, ta zare makullin ta ƙulle a haɓar zaninta, ta ce, "In Kabiru na so, ya zo ya kwance."

Ban san yadda za ta ƙare ba, Nurana. Saura kwana hamsin da bakwai a buɗe mini ƙofa, kuma har yanzu ban iya ribas sosai ba.

Allah ya yalwata maka kabarinka fiye da tekun da ka yi mini alkawari, ya sanyaya maka shi kamar safiyar Gembu, ya haɗa mu a Aljanna.

Matarka,
Hadiza, wadda kake ce wa Dije mai littafi