Muryar Inna Ta Fito

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Legas, ya cin rani? Da fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan Matameye lafiya lau, iyalinka ma haka.

Ka ce in sayi kwamfuta sabuwa a kwalinta don aikin ɗaukar sauti. Yaya, ban bi shawararka ba, kuma ban yi nadama ba. Na gwada irinta wurin abokina, na kai Inna ta rera waƙoƙin niƙanta. Muryarta ta yi rauni yanzu, sai ƙugin fankar cikin kwamfutar ya danne ta. Da ta saurara ta ce, "Wannan ni ce, ko injin markaɗe?"

Sai na tafi Damagaram na zaɓi kayan da kaina, Malam Isa mai gyara ya haɗa mini kwamfuta mai fanka marar ƙara. Jiya ta sake rerawa. Har numfashinta ana ji.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida da ke can. Na turo maka ɗaya daga cikin waƙoƙin ta waya. Ka zauna kafin ka kunna, wadda ta rene ka da ita ce.

Ƙaninka,
Habu