Ta'aziyyar Farfesan da Ya Cire Yara Tara Daga Shafinsa

Cikin alhini, Ƙungiyar Iyaye Mata Masu Jinyar Yara a Sashen Ciwon Daji ta samu labarin rasuwar Mai Girma Shehun Malami, Babban Likita kuma Shugaban Ɗakin Bincike, wanda mu a sashe muke kira Farfesa Mai Zane.

Marigayi ya yi shekara goma sha ɗaya yana gina shafin intanet da ke nuna yadda sinadaran furotin ke riƙe da juna a kowane nau'in ciwon daji, ɗigo da zare kamar saƙar gizo, domin likita ya duba ya san maganin da zai kama. Da tsokar 'ya'yanmu aka gina shi. Mu muka danne musu ƙafafu aka yanki tsokar, mu muka sa hannu a takarda, wasunmu da kyar muke haɗa baƙi.

Haka kuma ƙungiya ba za ta manta ba cewa bara marigayi ya cire yara tara daga shafin, saboda nau'in ciwonsu bai cika yawa ba. Da muka same shi a bakin ofis, ko zama bai ba mu ba. Ya ce, "Hajiyoyi, 'ya'yanku suna ɓata min zane, ku je ku yi addu'a." Mun yi. Biyar daga cikin taran sun riga shi tafiya, kuma ba a aiko wa iyayensu ko layi ɗaya ba.

Muna roƙon Allah Ya ba Uwargidan marigayi, Mai Girma Hajiya, da 'ya'yansa haƙuri da juriya, Ya yi masa hisabi daidai da aikinsa.

Sai dai, Hajiya, bayanan yara huɗun da suka rage suna cikin baƙar kwamfutarsa, wadda direbansa ya ce kin kulle a ɗaki tare da tabaransa domin tunawa. Sabuwar likitar sashenmu ta ce idan ba ta ga bayanan nan kafin Litinin ba, da ka kawai za ta zaɓi magani. 'Yata na cikinsu, kuma tun shekaranjiya ruwa ma ba ya zama a cikinta.

Gobe da safe mu huɗu za mu zo gaisuwa. Ki riƙe tabaran. Ba za mu tashi daga tabarmarki ba sai da kwamfutar.

Sa hannu:
Maman Mai Gado na Shida
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya