Famfon da ya Sanyaya Tukunyata

Badariya, Birnin Kebbi.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen Argungu. Yaya ƙafarki? An fara yankan shinkafa a fadama?

Inna, kwanakin nan raina ba daɗi. Ruwan tsiron dawa da kinka koya mini, wanda nake dafawa ina ɗurawa a gora, ya karɓu har unguwar Gesse, shi ya sa na koma babbar tukunya. To, babbar tukunya ba ta hucewa da wuri a zafin nan. Kafin ta yi sanyi ya soma tsami, shekaranjiya har da kumfa. Surukina Malam Hodi ya ji warin daga zaure. Bai yi faɗa ba, ya dai ce abin da ya yi kumfa ya kama hanyar zama giya, in ya sake faruwa a bar sana'ar a gidansa. Na zubar duka, na yi kuka, don na san gaskiya ya faɗa.

Maigidana Musaddiƙ ya sayo wani ɗan famfo mai jure zafi, bai fi dunƙulen hannu ba, da tiyo da bututun tagulla a naɗe kamar gammo. Ni dai ban yarda zai sanyaya tukunyar ba. Ki sa mu a addu'a.

Ɗiyarki,
Hamida.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gida.

Inna, da ma kina nan jiya! Munka haɗa famfon da batirin sola. Ya riƙa jan ruwan daga gindin tukunya yana mayar da shi sama, yana tsatsowa ta cikin dusar tsiron, yana sake zagayowa. Ban taɓa ludayi ba. Ina kallo ruwan da ya fara fitowa a gurɓace ya washe, ya koma ja garau kamar zuma, har ina hango ƙasan kofi.

Bayan ya tafasa munka nutsa bututun tagullar a duro cike da ruwan rijiya da ƙanƙara, munka bi da ruwan tsiron ta cikin bututun. Ya shiga yana tururi, ya fito ta ɗaya bakin da sanyi, yana komawa tukunya. Na tara yatsana, na janye, na sake tarawa. Na tuna yadda kike yini kina sheƙa shi daga ƙwarya zuwa ƙwarya har kafaɗunki su sage.

Malam ya fito da sandarsa. Ya dafa tukunya ya ji sanyi, ya tsoma hannu a duro ya ji ƙanƙarar ta narke, ruwan ya yi ɗumi. Sai ya yi tasbihi, ya ce ashe zafin bai ɓata ba, wuri ya sake. Ya shinshina kofi, ya sha, ya nemi ƙari. Da anka kira la'asar ya miƙo butarsa, ya ce a cika masa daga duron, da wannan ruwan zai yi alwala.

Ki gaishe da Baba da ƙanwata Ummu Hani.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hamida.